Kwaroron roba ko kamun kai: matan aure aka manta da su a wannan gardamar

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan gardamar nan da take tashi duk shekara in 1 ga Disamba ta matso, wato ranar yaƙi da ƙanjamau ta duniya. Ka san yadda ake yi, a kira malami ɗaya da ma'aikacin lafiya ɗaya a rediyo, wannan ya ce kwaroron roba lasisin zina ne wancan ya ce wa'azi kaɗai ba ya hana cuta, a buɗe layi jama'a su bugo kowa ya goyi bayan nasa har da masu zagi, awa ɗaya ta cika a sa talla, shikenan sai kuma baɗi in da rai. Ni dai ba malami ba ne ba kuma likita ba, kemis ne da ni a nan Tudun Wadan Zariya na daɗe a cikinsa, ina kuma ɗan taɓa karatun zaure bayan Magariba in kasuwa ta bari, to abin da nake gani ta bayan kanta ne ya hana ni yin shiru.

Duk ɓangarorin biyu in suna magana saurayi da budurwa ne a ransu, ɗan makaranta a Samaru ko Kongo, ko yarinya mai talla a tashar Kwangila. Amma wallahi waɗanda na fi gani da katin karɓar magani ba su ba ne, matan aure ne. Mata masu hijabi har ƙasa waɗanda wata ma in ba asibiti ko gidan suna ba ba ta taka ƙofar gida. To ita wannan wane kamun kai za ka ce ta yi? Ta riga ta kama kanta tun tana gidan ubanta, aka kai ta ɗakin miji da mutuncinta, cutar kuma a kan gadon sunna ta same ta. Ko binciken da gwamnati ta yi a 2018 wanda shugaba Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019 ai haka ya nuna, a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49 kashi 1.4 cikin 100 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya, mutum wajen miliyan 1.9 in an haɗa kowa, amma in ka raba sai ka ga mata kashi 1.9 maza kashi 0.9. Mata sun ninka maza kenan.

Akwai wata baiwar Allah, ba zan faɗi unguwarsu ba balle sunanta, da ta je awon ciki aka ɗebi jininta kamar yadda ake yi wa kowace mai ciki, aka kira ta gefe aka faɗa mata. Ta zo wajena ne ba dan ta sayi komai ba, ta kwance bakin zani ta fito da wata robar magani da aka kankare takardar jikinta tas, ta ce dan Allah malam duba min wannan ƙwayar ta mece ce, a aljihun babbar rigar maigidan na gan ta, kullum da daddare sai ya sha ya ce min ta hawan jini ce. Ina zazzagowa a tafin hannu na gane ta, ƙwayar maganin ƙanjamau ce. Mutumin nan ya san yana da ita, yana zuwa wani gari can nesa yana karɓo maganinsa dan kar a gan shi a layi a nan Zariya, yana sha yana tsallakewa in ya ga dama, bai taɓa buɗe baki ya faɗa mata ba, bai kuma taɓa sa roba ba sabida in ya sa za ta tambaye shi dalili. Kuma tana da kishiya. Abin da ta ce min shi ne, to yanzu ni ce zan faɗa wa amarya ko shi? Ban iya ba ta amsa ba, na dai ce ta koma asibitin ta nemi masu ba da shawara ta kuma riƙe maganinta da kyau sabida abin da ke cikinta. Irin wannan matar ce nake so duk mai hawa mumbari ya riƙa tunawa da ita kafin ya ce roba haramun ce ɗungurungum ya yi shiru bai ƙara komai ba.

Kar a ce na zo sukar malamai ne, a'a. Abin da suke tsaye a kai gaskiya ne, Allah bai ce kar ku yi zina kawai ba cewa ya yi kar ku kusance ta, aya ta 32 a Suratul Isra'i, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wa samari wanda ya samu iko ya yi aure wanda bai samu ba ya riƙe azumi. Ba wani likita a duniya da zai musa cewa wanda bai kusanci kowa ba cutar ba za ta same shi ta wannan hanyar ba. Kuma mu nan Malikawa ne, ƙa'idar saddu zari'a wato toshe ƙofar da za ta kai ga ɓarna tana da ƙarfi a mazhabarmu, dan haka in malami ya ga ana raba roba wa yara 'yan sakandare dole hankalinsa ya tashi, ni ma nawa yana tashi. Na ga lokacin da 'yan ƙungiyoyi ke zuwa da mota da kiɗa da 'yan mata sanye da riguna masu rubutu suna watsa roba a bakin kasuwa kamar ana rabon alawa, washegari ka ga yara sun hura ta suna wasan balan-balan a lungu. Wannan ba wayar da kai ba ne, tsokana ce, kuma ita ta ɓata maganar gaba ɗaya a garin nan, duk dattijon da ya ga haka ya gama yanke hukunci ko me za ka karanto masa daga baya. Sannan mutanenmu suna da dalilin ɗari-ɗari da duk abin da ya zo daga waje da sunan lafiya, ba a manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara wajen 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, yara 11 suka rasu, kuma shi ne ma ya ƙara wa rikicin allurar shan inna na 2003 wuta. To wanda bai san wannan tarihin ba ya zo yana ce wa malamai jahilai shi ne bai san garin ba.

Har ila yau addini ya taimake mu, ba a musu. A wancan binciken Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci a ƙasar nan, kashi 0.6, alhali Kudu maso Kudu ta haura kashi 3. Kunya da tarbiyya da rashin shan giya a fili suna ciki, kaciya ma tana ciki, dan gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda tsakanin 2005 da 2007 sun nuna tana rage wa namiji haɗarin kamuwa da wajen kashi 60, abin da mu wanzami ke yi wa yaro tun yana ƙarami su sai da aka kashe maƙudan kuɗi kafin su yarda. Amma kashi 0.6 na mutanen Arewa maso Yamma ba ƙaramin taro ba ne, ku duba yawanmu. Kuma muna da wata hanya tamu da cutar ke bi wadda ba ruwanta da otal ko gidan karuwai, ita ce auri-saki. Mutum ɗaya ya ɗauko ta, watakila ma sau ɗaya ya zame a wata tafiya shekarun baya ya tuba ya manta, ko kuma shi ma a wajen wata bazawara da ya aura ya samu, yana da mata uku duk ya raba musu, aka yi faɗa ya saki ɗaya ta gama idda ta auri wani mai mata biyu, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa aka ce taifot ne ko sammu, sauran biyun suka fita takaba ƙaninsa ko amininsa ya ce zai riƙe marayu ya auri ɗaya. Lissafa gida nawa ta shiga. A duk wannan zagayen, tun daga shigarta gidan farko, ba wanda ya yi zina, kowane aure da waliyyi da shaidu da sadaki da goro aka ɗaura shi. Wa'azin kamun kai ba shi da abin da zai ce wa waɗannan mutanen sabida ba su saki kansu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne in ka zauna da malamin nan shi kaɗai a zaure ka tambaye shi, Allah gafarta malam miji yana da cutar matar ba ta da ita, ya halatta su yi amfani da roba? Zai ce maka ƙwarai kuwa, wani ma ya ce wajibi ne. Zai kawo maka hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka ba a hana su ba, ya ce malamai da yawa sun yi ƙiyasin roba a kan azalu in dai da yardar matar, ya kawo maka la darara wa la dirara, ba cuta ba cutarwa, wanda duk ɗan Islamiyya ya haddace a Arba'una, ya ƙara da kar ku jefa kanku cikin halaka ta Baƙara aya ta 195. Har labarin Sayyidina Umar zai ba ka da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke ya juya da jama'a, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi, ya ce eh muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta zauna a Abu Dhabi a 1995 kan wannan cutar, ta ce mace tana da haƙƙin neman rabuwa da mijin da ke ɗauke da ita, wanda kuma ya sa wa wani da gangan ya yi laifin da ake hukuntawa. Duk malamanmu sun san wannan, yana cikin littattafansu. Amma ranar Juma'a in lasifika na kunne sai a faɗi rabin farko a haɗiye na biyun, sabida tsoron kar a ce malam ya karɓi kwangilar Turawa, ko wani malamin na ɗaya ɓangaren ya yanko minti ɗaya ya sa a Facebook da TikTok ya ce ga shi nan yana tallan zina. Ka san yadda raddi yake a garin nan. To matar da ke cikin gida lasifikar take ji, ba ta zuwa zaure, mijin ma da ya ji an ce haramun ya samu abin fakewa, in ta ce ya sa sai ya ce ke kin fi malam sani ne?

Bari in faɗa maka su waye ke sayen robar, tunda ni nake miƙawa. Ba a saye da rana. Sai bayan Isha'i, mutum ya zo ya tsaya yana duba sabulu har shagon ya watse, ya fara cewa a ba shi Panadol, ina ba shi canji sai ya rage murya yana kallon titi ya ce ɗan haɗa min da abin nan. Wani ya rubuto a takarda ya aiko yaro, wani ya baro unguwarsu tun daga cikin birni ko Sabon Gari ya zo nan inda ba a san shi ba, kamar yadda na tabbata 'yan unguwarmu su ma can suke zuwa. Da yawansu magidanta ne masu furfura, wani matarsa jego take bai so ta yi rurrutsa, wani likita ya ce in ta sake ɗaukar ciki yanzu akwai matsala, wani yana maganin ciwon sanyi, wani kuma ciwon hanta gare shi wanda shi ma ta wannan hanyar ake ɗauka kuma ya fi ƙanjamau saurin kamawa da yawa a cikinmu amma ba mai yi masa wa'azi. Mutum yana abu na halal a ɗakinsa na halal amma yana saye kamar ɓarawo.

Sai kuma maganar da ake ta yaɗawa wai robar tana da 'yan ƙananan ƙofofi da ƙwayar cutar ke ratsawa. Na sha jin ta a bakin masu wa'azi har da cewa bincike ya tabbatar. Wanda ya fi yayata wannan maganar a duniya wani babban kadinal ne na fadar Paparoma mai suna Alfonso Lopez Trujillo a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fito ta ƙaryata shi a lokacin. Ba ta ratsa robar kirki. Abin da bincike ya nuna a tsakanin ma'auratan da ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita shi ne masu amfani da ita kullum haɗarin ya ragu da wajen kashi 80. Ba 100 ba ne, kuma ma'aikacin lafiyar da ya ce 100 ne shi ma ya yi ƙarya. Inda matsalar take ni na sani, mutum ya ajiye ta wata da watanni a walat ko a cikin mota a zafin bazarar nan, ko ta wuce wa'adinta bai duba ba, ko ya shafa mata basilin ko man shafawa alhali mai yana cinye roba ta fashe, ko yau ya sa gobe ya ce ai na yarda da ita. In malami zai ce haramun ce ya faɗa da hujjarsa ta shari'a mu saurara, amma kar a jingina hukuncin Allah da labarin da ba gaskiya ba, dan ranar da yaro ɗan jami'a ya duba a waya ya gano ƙarya ce har sauran wa'azin zai zubar.

Maƙwabtanmu Kirista ma suna da irin wannan rigimar, ba mu kaɗai ba ne. Cocin Katolika ta hana duk wata hanyar hana ɗaukar ciki ta roba ko ƙwaya, Paparoma Paul na 6 ya jaddada haka a 1968, sannan Paparoma Benedict a cikin jirgi kan hanyarsa ta zuwa Kamaru a watan Maris na 2009 ya ce rabon roba ba ya magance ƙanjamau ƙara ta ma yake, duniya ta yi ca a kansa, a 2010 kuma ya ɗan sassauta ya ce ga wanda ke cikin ɓata in ya sa dan kar ya cuci wani hakan zai iya zama matakin farko na dawowa hayyaci. Su kuwa Angilika irin na Wusasa tun 1930 manyansu suka yarda da tsara iyali a cikin aure. Amma in ka ji wa'azin matasa a coci a Sabon Gari ko Samaru kusan abu ɗaya ne da namu, a jira sai an yi aure, kuma su ma fastocin da yawa sun daɗe ba sa ɗaura aure sai da takardar gwaji, a nan kam sun riga mu.

Kowane ɓangare yana son ya kafa hujja da Yuganda. Gaskiya ne cutar ta sauko a can daga wajen kashi 15 a farkon shekarun 1990 zuwa kusan kashi 5 ko 6 a wajajen 2001, masu kamun kai su ce wa'azi ne masu roba su ce roba ce, alhali abu uku ƙasar ta haɗa, ƙauracewa da riƙe amanar aure da roba ga wanda ya kasa, babban kiran da shugaba Museveni ya riƙa yi ma shi ne kowa ya tsaya a turkensa, wato ya tsaya kan abokin zamansa. Abin da ya fi burge ni a can aikin ƙungiyar likitoci Musulmi ne, daga 1992 suka horar da limamai har da ba su kekuna suna bi gida-gida, shekarar farko limaman suka ce ba ruwansu da zancen roba aka cire shi ba a yi faɗa ba, aka ci gaba da zama ana tattaunawa har su da kansu suka yarda a koyar da ita a cikin iyakar shari'a. Senegal ma da take kusan duk Musulmi ce ta tara manyan malamanta a 1995 kan wannan batu, huɗubobi suka ɗauka, ita ce kuma har yau cutar ba ta kai kashi 1 ba. Ta ɗaya gefen kuma Amurka ce, shirin yaƙi da ƙanjamau na PEPFAR da shugaba Bush ya kafa a 2003 dokarsa ta ce kashi ɗaya bisa uku na kuɗin rigakafi a kashe shi kan kiran ƙauracewa har sai aure, daga baya masu bincike a jami'ar Stanford suka duba a 2016 suka ce an kashe dala biliyan 1.4 amma ba su ga alamar ya canza halin mutane ba. Ni ban ɗauki wannan a matsayin kamun kai ba ya aiki ba, abin da na ɗauka shi ne ba a sayen tsoron Allah da allon talla da kuɗin ƙungiya, aikin iyaye ne da malamai, su kuma likitoci a bar su su yi nasu.

Na san tambayar da za a jefo min, to wanda ba shi da aure fa ya zo kemis ɗinka? Nan ne wajen da wuya kuma ba zan ɓoye ba, ina sayar masa. Ba na talla ba na rataye ta a gaba, yaro ƙarami kuma ba na ba shi, in na san mutum ina ce masa wane ka ji tsoron Allah. Amma na lura ba wanda ya taɓa fasa abin da ya yi niyya dan na ce babu, tafiya zai yi haka nan. Zunubin zina yana kansa ko da roba ko babu, robar ba ta rage masa komai a wajen Allah, abin da take ragewa shi ne yarinyar mutane da zai aura nan da shekara biyu da jaririn da za ta haifa, su ba su ci ba ba su sha ba. Malamai suna da ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu in dole sai ɗaya ta faru. Akwai malamin da nake girmamawa da ya ce min wannan taimakawa ne a kan saɓo, na ji kuma ban raina maganarsa ba, akwai abokan sana'ata da ba sa ajiye ta kwata-kwata sabida haka. Amma ko an bar wannan a matsayin saɓani, ta cikin aure fa ai ba saɓani a kanta, me ya hana a faɗe ta?

Kuma fa gardamar ta tsufa, duniya ta wuce inda muka tsaya. Lokacin da ake kiran cutar kabari salamu alaikum ba magani, tun da aka fara ba da rahotonta a Najeriya a 1986 har farkon shekarun 2000 wanda ya kamu sai dai a jira. Yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana. Tun 2011 bincike ya nuna wanda ya fara magani da wuri haɗarin ya sa wa abokin zamansa ya ragu da kashi 96, daga baya aka tabbatar in ƙwayar cutar ta kwanta har na'ura ba ta ganinta a jini ba ya yaɗa ta ta hanyar kwanciya. Mai ciki in ba a yi komai ba jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna ɗauka, in tana shan magani ya koma ƙasa da 5. Akwai ma allurar rigakafi da ake yi sau biyu a shekara da Amurka ta amince da ita a 2025. To ka ga da mijin waccan matar ya faɗi gaskiya ya riƙe maganinsa ba tsallake, ya sa roba kafin ƙwayar cutar ta kwanta a jininsa, da ita da kishiyarta ba abin da zai same su har su haihu lafiya. Abin da ya hana shi tsoron bakin mutane ne, kuma bakin mutanen nan mu ne, mu muka mai da cutar tambarin mazinata har mutum ya gwammace ya kashe iyalinsa da a gan shi a layin magani. Akwai dokar hana tsangwamar masu cutar tun 2014 amma doka ba ta hana a daina cin tuwonki a gidan biki. Ga masu maganin gargajiya da lasifika a kan mota ranar kasuwa suna rantsuwa suna warkar da ita cikin sati kaɗan, mutum ya ajiye ƙwayarsa ya koma jiƙe-jiƙe sai tarin fuka ya kwantar da shi a kwashe shi zuwa asibitin masu tarin fuka na Saye. Ga kuma tallafin Amurka da ya girgiza tun da Trump ya dakatar da kuɗaɗen agaji a watan Janairun 2025, alhali yawancin maganin nan da kuɗin waje ake kawo shi, wannan ne ya kamata a ce ana ta da jijiyar wuya a kai ana tambayar gwamnoni me suka tanada.

Ban manta da aska da reza ba, wanzami da mai yankan farce da ke yawo da almakashi ɗaya, da masu allura a lungu da sirinji ɗaya har cikin 'yan sana'armu, wannan ba ruwansa da roba ko kamun kai, kowa ya sayi rezarsa.

Roƙona ga malamanmu na Zazzau, na Izala da na ɗariƙa da kowa, da Mai Martaba Sarki Ahmed Nuhu Bamalli wanda in ya kira limamai za su amsa, a ci gaba da wa'azin kamun kai kar a rage ko harafi ɗaya, amma a ƙara masa abin da ake faɗa a zaure. A faɗa a lasifika cewa wanda ya san yana da cutar ya ɓoye wa matarsa ya ci amana, cewa roba tsakanin miji da mata dan kare lafiya halal ce, matar da ta nema ba ta yi rashin kunya ba, kuma shan magani ba rashin tawakkali ba ne ko da azumi ana iya tambayar asibiti a mai da shi dare. Kano ta fara gwaji tun auren zawarawa na 2012, a 2024 gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila kafin aure. Mu ma limamai da yawa suna tambayar takarda yanzu, sai dai takardar bogi ta yi yawa, ango ne ke kawo ta a aljihu ranar ɗaurin aure ba wanda ya san inda aka buga ta. Waliyyin amarya ya tura nasa mutum a je tare a asibitin da shi ya zaɓa, a yi da wuri a kuma maimaita dab da biki tunda cutar tana iya kai wata uku ba ta fito a gwaji ba. Kuma kar a tsaya kan 'yan mata kawai, bazawara da mai ƙara aure da mai kome da wanda zai auri matar mamaci duk a yi musu, uwargidan da za a yi wa kishiya ita ma tana da haƙƙin ta ga takardar nan da idonta kafin a kawo amarya.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai kemis,
Tudun Wada, Zariya.